Amsa ga mai neman jitar bes da kuɗi kaɗan

Ƙanena, na ga tambayarka. Kana son jitar bes guda ɗaya da za ta yi maka aikin coci ran Lahadi, ta bi ka gidan biki, in an kira ka situdiyo kuma ba za ta ba ka kunya ba. Kuɗin hannunka ba su da yawa, shi ya sa kake wasi-wasi tsakanin sabuwa da ta hannu. Na daɗe ina kaɗa bes a nan Zariya, tsakanin Wusasa da Sabon Gari da Samaru, jitoci da yawa kuma sun ratsa hannuna, nawa da waɗanda ake kawo mini in saita.

Sabuwa ce ko ta hannu, wuyanta za ka fara dubawa kafin sunan da aka rubuta a kanta. Duk abin da ya lalace a jikin bes ana canza shi da kuɗi kaɗan, amma wuya in ya murɗe, an gama. Mu kuma a nan yanayi ba ya raga wa katako. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu zai busar da shi har ya tsuke, ka ji bakin ƙarafan firet, wato ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuyan, suna kartar maka tafin hannu. Damina ta sauka, musamman cikin Agusta, ya sha danshi ya kumbura. Ka ga ke nan wuyan yana motsi aƙalla sau biyu a shekara, kuma abin da ke dawo da shi daidai ita ce sandar ƙarfen nan da aka binne a cikinsa, wadda ake juyawa da alanki, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa na juya kusa.

In an miƙo maka jita, ka saita tsirkiyoyinta tukuna, E, A, D, G, ko da manhajar waya ce. Sai ka danne tsirkiyar E a firet na farko da hannun hagu, ka danne ta a can inda wuya ya haɗu da gangar jiki da hannun dama, ka leƙa tsakiya, wajen firet na 7 ko na 8. Ya kamata ka ga ɗan sarari tsakanin tsirkiya da ƙarfe, wanda bai kai rabin milimita ba. In tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfen, ko kuma sararin ya yi faɗi sosai, ka roƙi mai ita ya bari a juya sandar rubu'in zagaye. Ta juya cikin sauƙi, to gyara ne na minti kaɗan. Ta ƙi motsi, ko bakin da alanki ke shiga ya cinye, ka yi masa godiya ka kama gabanka, ko da ya rage maka rabin kuɗi. Daga nan ka ɗaga jitar, ka sa ido daga kanta ka hango tsawon wuyan ta gefe biyu. Gefen E da gefen G su tafi tare. In ɗaya ya lanƙwashe ɗaya ya miƙe, murɗewar da nake faɗa maka ke nan. Sannan ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙarshe, kana sauraron inda za ta yi zizar ko sautin ya mutu. Yawancin masu saye a firet biyar na farko suke tsayawa, su kaɗa waƙar da suka iya, su biya. Matsalar kuwa sau da yawa tana can sama da na 12.

Sai maganar sauti. Yawancin bes ɗin da ke kasuwa daga samfuri biyu na Leo Fender suka samo asali: Precision da ta fito a 1951, da Jazz da ta biyo baya a 1960. Precision sautinta mai kauri ne, yana zama daram a ƙarƙashin ganga da fiyano. Jazz ta fi ta kaifi da tsabta, wuyanta ya fi siriri, masu silaf, wato dukan tsirkiya da babban yatsa, sun fi son ta. Tunda aiki iri-iri kake nema, ka nemi wadda ake kira PJ, wato an sa mata fikof (abin da ke ɗauko sautin tsirkiya ya kai lasifika) irin na Precision a tsakiya da irin na Jazz kusa da gada, inda tsirkiyoyi ke ƙarewa a gangar jiki. Yamaha TRBX174 haka take, Yamaha BB234 ma haka, akwai Ibanez GSR200, akwai kuma Squier Affinity PJ, Squier ɗin nan reshen Fender ne na masu ƙaramin ƙarfi. In ni ne, Yamaha zan fara nema, don a cikin masu araha ita na fi samu da wuya mai jure yanayinmu. Ibanez kuwa ba nauyi, wuyanta siriri, in hannunka ƙarami ne za ka ji daɗinta. Kada ka raina maganar nauyi. Bes tana kaiwa kilo 4 ko fiye, wanda ya taɓa rataya ta tun daga shigowar amarya har a tashi ya san abin da kafaɗa ke faɗa washegari.

Wani abu game da fikof irin na Jazz: in ka buɗe shi shi kaɗai, yana jawo ƙugi, balle a wurin da janareta ke aiki kuma wayoyin ginin ba a haɗa su da ƙasa yadda ya kamata ba. Na Precision kuwa an raba shi gida biyu ta yadda yake kashe ƙugin da kansa. A ɗakin taro irin namu wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne: ƙugi ya taso, ka rage na Jazz ɗin, ka ci gaba da kiɗanka.

Na ga wasu suna ce maka lallai sai mai tsirkiya biyar. Suna da hujja, don waƙoƙin coci na yanzu suna son sautin da ya sauka ƙasa da E, kuma mai fiyano yana iya canza maka maɓallin waƙa ba sallama. Sai dai tsirkiyar B, wato ta biyar ɗin, a jita mai araha yawanci sakwa-sakwa take, sautinta kuma yana can ƙasa sosai, ƙaramar amfilifaya ba ta iya fitar da shi, sai dai ka ji lasifika tana ɓarɓar. Ga tsirkiyoyinta sun fi tsada, sun fi wuyar samu. In coci ne mafi yawan aikinka kuma akwai manyan lasifikoki, ka ƙara haƙuri ka tara kuɗi ka nemi Yamaha TRBX305 ko Sire V3 mai biyar, ta hannu. In ba haka ba, mai huɗu mai kyau ta fi mai biyar ta banza nesa ba kusa ba.

Jitoci masu aiki da batir kuma, suna ba ka damar ƙara kaurin sauti da kaifinsa daga jikin jitar, amma batir mai bolt 9 na kirki ba kowane shago ke da shi ba, na bakin titi kuwa ba ya kwana biyu. Kuma muddin waya tana soke a jikinta batir yana ci, ko ba ka kaɗa. Sire tana cin guda biyu, sai dai tana da makunnin da ke mayar da ita marar batir in sun mutu ana tsakiyar waƙa. Mai farawa da kuɗi kaɗan, marar batir ta fi masa kwanciyar hankali.

To, sabuwa ko ta hannu? Yadda dala ta sa kayan waje suka yi tsada, kuɗin da za su saya maka sabuwa marar asali za su iya saya maka Yamaha ko Squier ta hannu, kuma ta hannun da ta riga ta ga hunturu biyu-uku a Arewa ba ta lanƙwashe ba, ta nuna halinta. Sharaɗi ɗaya ne: ka riƙe ta da hannunka kafin ka biya. In ba ka samu a nan ba, Kaduna da Kano ba nisa, ka je da wanda ya san kan abin. Ta Legas da za a aiko maka a mota bayan ka ga hoto a shafin saye da sayarwa na Jiji ko Facebook, wannan sayen kifi a ruwa ne. In dole ta sa, ka nemi bidiyon da ake bin firet ɗaya bayan ɗaya, ka ga lambar da kamfani ya buga mata. Ka kuma kiyayi jabu. Fender ta gaske a Amurka, Meziko ko Japan aka fi ƙera ta, duk wanda ya kawo maka sabuwa fil mai wannan suna a kuɗin Squier, fenti ya sayar maka. Ana iya duba lambar a shafin kamfanin.

Ƙananan abubuwa kada su hana ka saye, su dai zama hujjar neman ragi: fenti ya goge, tsirkiya ta yi tsatsa, maɓallin ƙara sauti yana ƙarar yashi saboda ƙura, ramin waya yana rawa. Ka ɗan ƙwanƙwasa kowane fikof da mabuɗi ka ji ko yana amsawa a lasifika. Tsagewa a kan jitar, wajen kunnuwan ɗaure tsirkiya, wannan kam babba ce.

Kada ka zuba kuɗinka duka a jitar. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don sababbin tsirkiyoyi, waya mai kyau, jaka mai soso, da ladan wanda zai saita maka ita. Amfilifaya za ta iya jira, tunda a coci da situdiyo ana iya shigar da kai miksa, na'urar haɗa sauti, ta ɗan akwatin da ake kira DI, amma kada ka ari ta jitar lid, mai siririn sauti, ka ƙure ta, za ka fasa wa mutane lasifika. Kuma in zafin Maris da Afrilu ya zo, ban da barin ta a but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka.

In ka samu wadda ta kwanta maka, ka turo hoton wuyan ta gefe, da na bayan kanta inda lambar take, mu duba tare kafin ka ba da ko sisi.