Shin in sayi injin matsi mai aiki da iska da rabin jarina?

Wani mai sana'ar takalman fata a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Ina da yara huɗu a shago, muna fitar da takalmi kamar ƙafa 300 a mako. Buga tambari da sa maɓalli duk da injin hannu muke yi, kuma shi ke cinye mana lokaci. An yi mini tallar injin matsi mai aiki da iska, na hannu ne, wato an taɓa amfani da shi, kuɗinsa ya kusa rabin jarina. Mai shi ya ce har yankan fata da sol zai yi. In saya?"

Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Injin zai yi maka tambari da maɓalli, amma batun yankan sol ka cire shi daga lissafi, kuma kuɗin da aka faɗa maka ba shi ne kuɗin da za ka kashe ba. Dalilan duka biyun suna cikin yadda injin yake aiki.

Shi kansa injin ba ya da motar lantarki mai juya shi. Silinda ce ta ƙarfe a tsaye, a cikinta akwai fistan mai zoben roba, an haɗa shi da sandar da ke saukowa ta danna kaya. Iskar da kwampreso ya matse, irin wadda masu faci ke hura taya da ita, ita ke shiga saman fistan ta tura shi ƙasa. In an gama, sai a juya iskar ta shiga ta ƙasa ta mayar da shi sama. Saboda haka ƙarfin injin abu biyu ne kawai ke kawo shi: faɗin silinda da matsin iska. Yawancin waɗannan injina suna aiki ne a matsin bar 6, wato kusan 87 a gefen psi na geji. A wannan matsi, silinda mai faɗin milimita 63 tana danna kusan kilo 190, mai 80 tana ba da kusan kilo 300, mai 100 kusan kilo 480, mai 160 kuwa kusan kilo 1,200. Faɗin yana rubuce a jikin silindar, misali 100x100, lamba ta farko faɗi, ta biyu nisan saukar sanda. Ka je ka karanta da idonka, kada ka tsaya kan abin da aka faɗa da baki.

To, yankan sol da wuƙar zubi, wato ƙarfe mai kaifi mai siffar sol, aiki ne na tan-tan. Injinan da masana'antun takalmi ke yanka da su na haidirolik ne masu aiki da mai, kuma da yawansu suna kai tan 20. Kilo 480 na silinda mai faɗin 100 bai kai rabin tan ba. Zai iya huda rami ko ya fitar da ƙaramin yanki a fata mai laushi, amma sol mai kauri sai dai ya yi masa shaida ya tsaya.

Ko a tambarin ma girman farantin da ke ɗauke da zanen yana da tasiri. Kilo 480 a kan tambari mai santimita 5 da 4 yana ba kowace murabba'in santimita kilo 24, zane zai fito rangaɗau. Wannan ƙarfin a kan faranti mai santimita 10 da 8 ya koma kilo 6 kacal, sai ka ga tsakiya ya dushe. Shi ya sa ake haɗa farantin da na'urar zafi da agogon ƙidaya daƙiƙoƙi, zafi ya taimaki matsi. In injin da aka nuna maka ba ya da su, ƙarin kuɗi ne.

Yanzu ga inda jari ke zurarewa. Silinda 100x100 tana shan iskar da ta kai kusan lita 11 a kowace sauka da hawa. In yaro yana danna sau 10 a minti, lita 110 ke nan. Ƙaramin kwampreso mai ƙarfin doki 2 da tankin lita 50 abin da yake bayarwa na zahiri bai cika wuce lita 100 zuwa 150 a minti ba, ko da an rubuta 200 ko fiye a jikinsa, don lambar da ke jiki yawanci ta iskar da yake zuƙa ce, ba wadda yake bayarwa ba. Ka ga zai riƙa aiki ba hutu, ya yi zafi, ya mutu da wuri. Don aikin yini cur, nemi mai bel da tankin lita 100 zuwa sama. Sannan motar kwampreso mai doki 2 tana cin kusan kilowat ɗaya da rabi tana tafiya, amma a lokacin tashi tana jan ninkin haka sau uku ko fiye, kuma tana tashi sau da yawa a awa. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, sai wanda ya kai 5kVA ko kusa da haka. Wuta mai rauni kuwa ita ce ke ƙona kafasita da wayar motar kwampreso: in ka ji kwampreso yana gurnani bai juya ba, kashe shi nan take.

Tsakanin kwampreso da silinda akwai ƙananan kaya da mai saye ba ya kallo, alhali su ne ke tsayar da aiki. Na farko jerin abu uku ne a haɗe: matatar da ke tare ruwa da datti, sai makunnin daidaita matsi mai geji, sai kofin mai da ke ɗiga wa iska ɗigo kaɗan. Man da ake zubawa siriri ne mai lamba 32, wanda aka yi don kayan iska. Baƙin man mota ko man birki yana kumbura roba ya lalata ta. Silindu da yawa na yanzu suna zuwa da girisinsu, ba sa buƙatar mai, amma in an taɓa fara ba su to sai a ci gaba, don man ya riga ya wanke girisin. Tun da na hannu ne, tambayi mai shi yadda ya saba yi.

Bayan su sai bawul mai aiki da lantarki, mai ƙofofi biyar, shi ke juya iska sama ko ƙasa. Yana da ɗan koyil a gefe, wani na wutar 220 ne, wani na 24. Duba rubutun kafin ka sayi madadinsa, don in ka ba na 24 wutar 220 ya tafi ke nan. A jikin bawul ɗin akwai ɗan maɓallin gwaji. In injin ya ƙi sauka, janye hannu daga ƙasansa ka danna shi: in ya sauka, matsalar ta wuta ce, koyil ko waya ko agogo; in bai motsa ba, ta iska ce ko bawul ya cije.

Babban abokin gabar duk waɗannan shi ne ruwa. Iska in an matse ta tana zubar da danshinta a cikin tanki, da damina kuwa abin ya fi yawa. Akwai ɗan famfo a ƙasan tanki, a buɗe shi kowace yamma. In an bari, ruwa da tsatsa za su bi tiyo su cinye robar bawul, tankin kuma ya ruɓe daga ciki. Tankin da ya huje ba a yi masa walda, canza shi ake yi, don fashewarsa na iya kashe mutum. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatar bakin kwampreso, a kakkaɓe ta duk mako.

Ranar da za ka je duba injin, tafi da fatarka da tambarinka da ruwan sabulu. A cika tanki, a kashe kwampreso, ka zuba wa geji ido minti biyar ba a taɓa komai ba. In allura tana sauka, akwai yoyo. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan ne. Kada ka raina shi: rami mai milimita ɗaya yana zubar da kusan lita 60 a minti, rabin ƙoƙarin ƙaramin kwampreso, kuma fetur ɗinka ne ke fita. In iska na huci ba tsayawa ta mafitar bawul, ko dai robar bawul ce ko ta fistan. A bar sanda ta kai ƙarshen tafiyarta, a cire tiyon gefen da ba matsi: in iska ta fito daga bakin silinda, robar fistan ce. Duba sandar ma; in ta karce ko ta lanƙwashe, duk sabuwar robar da aka sa za ta yage. Silinda da bawul masu girman da aka saba da shi sun fi, don ana samun robarsu a kasuwa; mai baƙon girma zai iya zaunar da kai wata guda kana jiran kaya.

Abu ɗaya da ba zan sassauta ba shi ne hannun yaranka. Kilo 480 yana niƙe yatsa. Injin ya zama mai maɓalli biyu da sai an danna su tare yake sauka, kuma kada a bari wani ya ɗaure ɗaya don sauri. In na feda ne, a sa masa kariya a bakin faranti. Kafin a canza tambari a rufe iska, a saki wadda ta rage a tiyo har geji ya koma sifili, don kashe wuta kaɗai ba ya fitar da ita.

Lissafin kuɗin kuwa haka za ka yi shi. Haɗa kuɗin inji, kwampreso, janareta in naka bai isa ba, tiyo, farantin tambari, da ajiyar roba da koyil. A ƙaddara, misali kawai, duka sun tashi naira miliyan ɗaya, kuma injin yana rage maka naira 100 a kowace ƙafa ta fuskar lokaci da ɓarnar fata. Ƙafa 300 sun ba da 30,000 a mako. Cire 10,000 na fetur da gyara, saura 20,000. Makonni 50 ke nan kafin kuɗinka ya dawo. Sa lambobinka na gaskiya a gurbin waɗannan. Saurin inji ba ya zama riba sai in akwai masu jiran kaya da kake mayarwa, ko kuma za ka riƙa buga wa maƙwabtanka masu takalmi da jaka tambari suna biya.

A yadda ka bayyana, rabin jari na inji ne kaɗai, ban da kwampreso da wuta. In ka ƙara su, abin da zai rage na sayen fata da gam a Ƙofar Wambai ba zai riƙe ƙafa 300 a mako ba. Shawarata ka dakata da wannan. Maɓalli da ƙaramin tambari silinda mai faɗin 63 ko 80 ta ishe su. Tana shan iska ƙasa da ta 100 sosai, mai 63 bai kai rabi ba, don haka ƙaramin kwampreso zai ɗauke ta. Nemi farashin irin wannan, ka gwada shi da fatarka kafin ka biya, kuma ka tabbata bayan an sayi komai akwai kuɗin kayan aiki na aƙalla wata biyu a hannu.