Kayan koyar da ƙagaggen labari na tarihi ga 'yan aji biyar da shida

Malama, kin tambayi da me za ki koyar da labarin da aka ƙaga a kan tarihi, ba tare da yara sun cakuɗa gaskiya da ƙirƙira ba.

Ni da allo nake farawa. In ja layi a tsakiya: gefe guda "abin da ya faru", ɗaya gefen "abin da marubuci ya ƙara". Misali, Turawa sun ci Kano a 1903, wannan tarihi ne. Yaron da ya hau ganuwa yana leƙen sojoji kuwa, na marubuci ne. Da zarar sun gane wannan, sauran aikin ya yi sauƙi.

Littafi kuwa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya fito a 1934, ya dace, amma ki zaɓi gaɓoɓi ki karanta musu da kanki. Maganar bauta da raba yaro da uwarsa tana da nauyi ga ɗan shekara goma. Ki haɗa da taswirar hanyar fatake ta hamada. In da hali ki kawo wuri su taɓa, kuɗin dā ke nan, yara ba sa mantawa da abin da suka riƙe. In kuna kusa da Kano, ziyarar Gidan Makama ta fi darasi uku.

Kuskuren da na taɓa yi: na koyar da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu kamar tabbataccen tarihi. Tarihin baka ne, a faɗa musu haka. Kafin ki rubuta wata shekara a allo, ki tuntuɓi malamin tarihi na sakandare ko ma'aikatan gidan tarihi.