Abin da ya sa launinka yake tsallake layi

Ka tambaye ni, yarona, yadda aka yi mutanen Japan suke buga hoto da sassaƙaƙƙen katako, suna jera launi kan launi da hannu, ba inji, kowanne ya zauna a mazauninsa, alhali kai launi biyu kacal ka buga amma shuɗin ya tsallake layi. Har kana cewa wuƙarka ce ta dakushe. Bar wuƙa ta huta, ba ruwanta.

Ɗauko littafin hotunan nan, ka buɗe inda igiyar ruwan da Hokusai, mai zanen Japan, ya zana take, wadda aka buga wajen 1831 cikin jerin da ake kira Hotunan Dutsen Fuji 36. Dubi farin kumfar nan mai kama da farce, ka ga yadda shuɗi ya zo bakinta ya tsaya cak. Ba Hokusai ne ya sassaƙa katakon ba, ba kuma shi ya buga ba. Nasa zane ne. Akwai masassaƙi, akwai mai bugu, sannan mai shago Nishimuraya Yohachi da ya zuba kuɗi. Hannu da yawa haka, amma aiki bai goce ba, saboda wasu 'yan tsaga biyu da suke kira kento.

Ga yadda abin yake. Ana kifa zanen a kan katakon itacen ceri a manna, masassaƙi ya bi layi ya cinye takardar, ya bar layukan a tsaye. A gefen wannan katako na farko yake yanka kento: ɗaya mai kusurwa inda ƙuryar takarda za ta shiga, ɗaya miƙaƙƙe inda gefenta zai jingina. Sai a buga kwafi da baƙar tawada, tsagun nan su fito a jikin kowane kwafi. Kwafin ne ake mannawa a kan sabon katako, kowane launi da nasa, a sassaƙa shi har da kenton. Ka ga ke nan duk katakan uwa ɗaya ta haife su. Da wannan dabarar aka samu buga hotuna masu launi iri-iri a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, tun daga 1765, zamanin Suzuki Harunobu.

Kai kuwa me ka yi? Rula ka ɗauka ka auna kowane katako daban. Na gan ka, na yi shiru ne don ka ga sakamakon da idonka. Kaurin bakin fensir ma ya isa ya ɓata hoto.

Sai batun takarda, wanda a wurinmu ya fi ba da wahala. Bugun nan da ruwa ake yin sa: launi, da ɗan kunun shinkafa, a goge su da buroshi a kan katako. Takardarsu ta ɓawon itacen kozo ce, kuma da danshi ake bugawa. Takarda in ta sha ruwa buɗewa take yi, in ta bushe ta tsuke. Jiya ka buga baƙi da safe tana da laima, ka bar ta a kan tebur iskar hunturu na kaɗa ta, ka dawo bayan la'asar ka ɗora shuɗi. Ai ba takardar safe ka tarar ba. Ka jiƙa tsofaffin jaridu sama-sama, ka jera takardunka a tsakani, ka naɗe a leda su kwana. Duk wadda ka buga ka mayar da ita ciki nan take. In ka taɓa ka ji sanyi amma ba ta ƙyalli, ta yi.

Wajen ajewa, ka riƙe ta tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, babban yatsa ya tura ƙurya cikin kusurwa tukuna, sannan gefe, sai ka sake ta ta kwanta da kanta. Kada ka ja ta bayan ta taɓa launi. Sannan ka murza da baren, faifan nan mai rufin ɓawon gora, da nauyin kafaɗa ba wuyan hannu ba.

Katakon shuɗin nan kada ka yar. Su ma in katako ya motsa, ɗan siririn itace suke cusawa a kenton su gyara zamansa. Gobe da safe ka zo da shi da takarda goma da suka kwana a leda, mu gyara tare.