Kwalbar wankin hanta, da sauran tambayoyinku

Tambaya: Likita, a tasharmu akwai mai mota da lasifika yana tallar maganin wankin hanta. Ya ce kofi ɗaya kullum da safe har kwana bakwai, duk dattin da ya taru zai fita. In saya? Daga wani direba a Zariya.

Malam, bar kuɗinka a aljihu. Hanta ba tukunya ba ce balle a ce ta yi ƙanzo a kankare ta, ita ce ma mai wankin. Tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta a jikin babba kusan kilo ɗaya da rabi, kuma jinin da ya kwaso abinci da magani daga hanji ta cikinta yake fara bi kafin ya zagaya jiki. Idan guba ta iso, sai ta fara farfasa ta, sannan ta haɗa ta da wani sinadari da zai sa ta narke a ruwa, ƙoda ta fitar da ita a fitsari, ko ta bi ruwan ɗaci ta fita a bayan gida. Gubar ammoniya da ke samuwa idan jiki ya sarrafa nama da wake, hanta ce ke mayar da ita yuriya, sinadarin da ke fita a fitsari. Babu wata laka da ke kwance a ciki tana jiran a wanke.

Abin da mai sha ke gani ya ce datti ya fita, sau da yawa gudawa ce kawai. Ka dubi kwalbar da kyau: tsohuwar robar lemo, ruwa baƙi da guntun saiwa a ƙasa, ba sunan abin da aka zuba, ba awo, ba ranar lalacewa. Duk abin da ke ciki kuma hantar nan ce za ta yi dakonsa, kuma akwai saiwoyi da ganyayen da ke lalata ta har ido ya yi ɗorawa. Ko da ka ga lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ke faɗa, ga kuma masu buga lambar bogi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba ya jin ciwon komai, ya kwashe shekaru yana shan jiƙo yana ganin ya yi magani, sai ranar da ciki ya kumbura da ruwa a kwaso shi asibiti. Kuɗin kwalbar nan ka kai su gwajin jini na HBsAg, wanda ke gano ciwon hanta nau'in B.

Tambaya: An gwada maigidana an ce yana da nau'in B. Na kasa barci. Me zan saya masa, kuma in ware masa kwano? Daga wata uwa a Gusau.

Hajiya, kwantar da hankalinki, mutane da yawa na daɗewa da wannan cuta cikin ƙoshin lafiya idan ana bibiyarsu. Kada ki ware masa kwano, cin abinci tare ba ya yaɗa ta. Ta jini take bi, da reza, da askar wanzami, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Ke da yara ku je gwaji. Wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida da ta farko. Jariri kuwa a yi masa cikin awa 24 da haihuwa. Shi maigida kada ki saya masa komai tukuna. Likita zai auna yawan ƙwayar cutar da lafiyar hantar, ya yi hoton ciki, domin ba kowa ake ɗora wa magani ba. Idan aka ɗora shi a kan tenofobir, ƙwaya ɗaya ce kullum, kuma ba a yanke ta da ka, don cutar na iya tasowa da ƙarfi.

Tambaya: Ina aikin ƙarfi, nakan sha Panadol uku a lokaci ɗaya, in ƙara da haɗin kemis.

Daina. Panadol farasitamol ne, kuma iyakar babba gram 4 na farasitamol a kwana ɗaya, wato ƙwaya takwas masu miligram 500, biyu a lokaci guda, da tazarar awa huɗu zuwa shida. Hanta na da wani sinadari da take kashe dafin maganin da shi, idan ka zarce awo ya ƙare, dafin ya koma cin namanta. Magungunan mura da yawa akwai farasitamol a ciki, haɗin kemis kuwa ba ka san me aka ƙulla maka ba.

Tambaya: Na samu buhun gyaɗa da araha, ta ɗan yi fumfuna. In na soya ta ƙuli-ƙuli ai shi ke nan?

A'a. Gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara ba ta mutuwa da suya, kuma tana jawo kansar hanta, musamman ga mai nau'in B. Ki ɓare 'yan ƙwayoyi a gaban mai sayarwa. In kin ga motsattsu, masu baƙi ko kore a ciki, ko warin danshi, bar masa kayansa.

Tambaya: Cin gasasshiyar hantar rago na gyara hantar mutum?

Ba ta gyarawa. Tana ƙara jini dai, amma mai juna biyu kada ta yawaita ci, saboda bitamin A ya yi yawa a cikinta.