An ɗauke bulala, da me za a riƙe aji?

Wani sabon malami da aka turo wata firamare a Aboabo, nan Kumasi, ya kai kuka wurin tsohon malaminsa. Ya ce: "Baba Malam, aji huɗu aka ba ni, yara sun haura hamsin. Ina yin tsawa har murya ta dushe, su yi shiru minti biyu su koma. An ce kada mu yi duka. To da me zan riƙe su?" Ga amsar da dattijon ya ba shi.

Ɗana, bulala dai ka cire ta daga lissafi. Hukumar ilimi ta Ghana, wato GES, ta hana duka a makarantu tun 2017, a farkon 2019 kuma ta fitar da tsarin ladabtarwa mataki-mataki: dokokin aji, gargaɗi, sauya wa yaro wurin zama, karɓe masa muƙami, har zuwa kiran iyaye. Makarantunmu da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, su ma dokar ta hau kansu. Uba zai zo ya ce maka, "Malam, ka zane shi, ni na ba ka izini." Ka yi masa godiya, amma izininsa ba zai tsaya maka ba ranar da maganar ta kai ofishin ilimi.

Gobe ka lura da lokacin da surutun ke tashi. Za ka tarar ba lokacin da kake bayani ba ne. Yana tashi ne sa'ad da kake kiran suna, ko kana neman alli, ko ka juya baya kana cika allo da rubutu. Duk inda hannun yaro ya rasa abin yi, bakinsa zai samu. Don haka ka riga su shiga aji, ka rubuta lissafi uku ko jimla biyar, su tarar da aiki na jiransu. Rajista ka cika ta da ido suna rubutu. Raba littattafai ka ɗora wa mutum ɗaya a kowane layi. Idan za ka yi dogon rubutu a allo, ka tsaya a karkace, rabin fuskarka na wajensu.

Tsawa kuwa kamar barkono take, harshen da ya saba da ita sai an ƙara masa. Ka zaɓi alama guda, tafi uku ko ɗaga hannu, ka yi shiru har ajin ya yi tsit, sannan ka fara magana ƙasa-ƙasa. Makon farko jiran zai yi maka tsawo. Ka daure, kada ka fara magana a kan hayaniya ko sau ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. Yaran nan huɗu ko biyar da ke bencin baya, waɗanda kake kira 'yan taurin kai, ka kira su ɗaya-ɗaya lokacin tara, babu kowa kusa, ka miƙa wa kowanne littafin aji biyu ya karanta maka. Ina kyautata zaton wasunsu ba za su iya haɗa baƙi ba. Yaro ya taso da Hausa ko Dagbanci a gida, Tuwi a titi, Larabci a makarantar allo, sannan daga aji huɗu a ce komai da Turanci. Wanda aka wuce shi tun aji biyu, zaman awa guda yana jin abin da bai gane ba azaba ce. Ya gwammace a ce masa shaiɗani da a gane bai iya ba. Irin wannan ko ka hukunta shi sau ɗari bai koyi harafi ɗaya ba. Ka dawo da shi gaba, ka ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ka fassara masa da Hausa idan ta kama, ka yaba masa a gaban jama'a ranar da ya yi daidai. Gyara kuwa a keɓe. Ka kuma tambaye shi ko ya karya, don wasu sai sun zaga da tallan ruwa ko koko kafin su iso.

Al'adar nan ta sa monita ya rubuta sunayen masu surutu, ni ban yarda da ita ba. Ƙarshenta cin hanci da alewa, da dambe a hanyar gida.

Dokoki kada su wuce biyar, ku tsara su tare, a manna a bango. Kada ka yi barazanar abin da ba za ka aikata ba, kuma ɗan mai unguwa da ɗan mai tura kura hukuncinsu ɗaya.

Idan yaro ya gagara, kafin ka rubuta takarda ka je gidansu da kanka bayan la'asar. Ka fara da abin kirkin da ka gani a wurinsa, in ba haka ba uban zai yi masa dukan da kai aka hana ka, yaron kuma ya riƙe ka a zuciya. Ka nemi malaminsu na allo ma ka gaishe shi, ka tambaye shi yadda yaron yake a can. Sau da yawa shi ya san abin da ke faruwa a gidan.