Amsa ga Maman Walid: kafin ki sa hannu a takardar binciken nan

Assalamu alaikum. Maman Walid, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Tun da asuba na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce an kwantar da ɗanki mai shekara biyu a wani asibiti a nan Jos, zazzaɓi ya ƙi sauka, sai ga wata ma'aikaciya da takarda, ta ce suna bincike kan cututtukan da yara ke kamuwa da su, tare da wata jami'ar ƙasar waje, suna so su ɗibi jininsa. Surukarki ta ce atafau ba za a maimaita abin Kano a kan jikanta ba, maigida kuma ya ce ke kika sani. Shin ki sa hannu ko kada ki sa?

Irin takardar nan ni ma na riƙe ta. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma akwai shekarun da aikina ke nan, in ja kujera kusa da gado in yi wa iyaye bayani kafin a sa ɗansu a bincike. Abin da idona ya gani zan gaya miki, mai daɗi da marar daɗi.

Kada kowa ya raina Hajiya surukarki, tana da hujja. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Aka yi ta shari'a har 2009, sannan aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai bincike iri-iri ne, kuma nan ne nake so ki tsaya. Wani dubawa kawai ake yi: a ɗibi jini ko majina ko kashi, a gano wace ƙwayar cuta ce ke kwantar da yaranmu, maganin yaro kuma yana nan yadda likitansa ya rubuta. Wani kuma bayarwa ake yi: sabon magani ko sabuwar rigakafi, a raba yara gida biyu a kwatanta. Na Kano na biyun ne. Yadda kika kwatanta, naki ya fi kama da na farko, amma kada ki yi aiki da zato na. Ki tambaye ta kai tsaye: "Akwai abin da za ku ba ɗana wanda ba za a ba shi ba in na ƙi?" In ta ce babu, ta nuna miki inda aka rubuta hakan.

In jini ne don kalca, wato gwajin neman ƙwayar cuta a jini, ga yadda abin yake. Ana zuba shi a wata 'yar kwalba mai ruwan da ƙwayoyin bakteriya ke ci, a sa a na'ura mai ɗumi daidai da ɗumin jikin mutum, a jira. In akwai ƙwaya a jinin za ta hayayyafa, yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku, akan jira har biyar kafin a ce babu. In ta fito sai a gwada ta da magunguna, a ga wanda ke kashe ta da wanda ta fi ƙarfinsa. Jinin da ake ɗiba wa yaro kamar Walid bai cika wuce cokalin shayi ɗaya ba, alhali yaro mai kilo 10 yana da kusan mililita 800 a jikinsa. Maganar za a zuƙe masa jini babu ita. Amma in yaron ya riga ya yi fari fat, ana batun ƙarin jini, ki faɗa wa likitansa ya duba kafin a ɗiba.

Me ya sa na damu da wannan gwajin? Domin a garin nan duk zazzaɓi sunansa biyu ne, maleriya da taifot. A je kemis, a yi gwajin taifot da ake kira Widal, wanda ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, a haɗo magani leda guda. Ba na manta wata yarinya da aka kawo mana daga Gangare, mako uku ana yi mata allura a gida, ta rame ta zama kamar tsinke. Kalcar bincike ce ta nuna ƙwayar, ta kuma nuna maganin da ake ta ɗura mata ba ya taɓa ta. Aka canza, kwana huɗu ta fara neman kunu. Ubanta ɗan acaɓa ne, da an ce ya biya gwajin da kuɗinsa, da ba a yi shi ba. Yara masu sikila ma sun fi kowa buƙatar irin wannan, don bakteriya na saurin shiga jininsu.

Kuma ki sani, yawancin abin da ake yi wa ɗanki a gadon nan daga bincike ya fito. Da, kwinin ake sa wa yaro a ƙarin ruwa in maleriya ta yi tsanani. Sai aka yi wani babban gwaji a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori, da yara sama da 5,000, sakamakon ya fito a 2010, aka ga allurar atesunet ta fi ceton rai, mace-mace sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Iyayen waɗannan yaran ne suka sa hannu, namu suke cin moriya. Jos ma ba baƙuwa ba ce a harkar: jinin da aka fara gano zazzaɓin Lassa da shi a 1969 daga marasa lafiyar asibitin Jankwano aka kai shi Amurka.

To, ga marar daɗin. Akwai wata baiwar Allah da na yi wa bayani da dare, ɗanta na jijjiga, ni kuma ina sauri don a ɗibi jini kafin a fara allura. Duk abin da na ce sai ta ce to. Ta dangwala yatsa. Bayan kwana biyu take ce min, "Sista, ai na ɗauka in ban dangwala ba sallamar mu za a yi." Wallahi na kasa cin abinci ranar. Na cika takarda, amma yarda ban samu ba, tsoro na samu. Daga nan ban ƙara karɓar "to" ɗin uwa ba sai ta maimaita min da bakinta abin da ta fahimta. Akwai kuma lokacin da aka tara samfuri a firiza aka tura waje, iyaye suka yi ta dawowa suna tambayar sakamako, mu da kanmu ba mu gani ba. Manya sun rubuta takardunsu, mu aka bari da kunyar iyaye. Wannan haɗin gwiwa da ƙasashen waje da ake faɗa, wani lokaci hannu ɗaya ne ke wanke ɗaya kawai.

Shi ya sa tambayar da na fi so ki riƙe ita ce: sakamakon zai dawo fayil ɗin ɗana, likitansa ya gani tun muna kwance? In eh ne, kin samu gwaji mai tsada kyauta. In a'a ne, ba haram ba ne, amma ki san taimakon yaran gaba kike yi, Walid ba zai amfana yanzu ba. Ki tambayi inda ragowar jinin zai je, shekara nawa za a ajiye shi, da ko za a cire sunansa a sa lamba.

Sauran haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa, kuma ba a fara bincike sai kwamitin ɗa'a ya amince, don haka ki ce a nuna miki shaidar amincewar da lambar wayar kwamitin. A karanta miki da Hausa, a gaban wanda kika yarda da shi. A ba ki kwafi. Kina iya ƙi, kina iya janyewa ko bayan kin sa hannu, kuma ba mai rage wa ɗanki kulawa saboda haka. Ba za ki biya ko sisi don shiga ba. In an ba ki kuɗin mota na dawowa, daidai ne, amma in kika ga kuɗin ya yi yawa har yana jan ranki, ki ƙara tambaya.

Maganar gida kuwa, ƙanwata, kada ki ɗauki wannan "ke kika sani" a matsayin izini. In wani abu ya faru, ko da cutar ce ta yi halinta, ke za a nuna da yatsa. Ki sa Baban Walid ya zo, a zo da Hajiya ma, ta yi wa ma'aikaciyar tambayoyinta da kanta. Na sha ganin kaka ta shigo da faɗa, da aka nuna mata sirinjin da kwalbar ita ce ta riƙe hannun jikan.

Da jikana ne, kuma dubawa ce kawai, sakamako zai dawo gado, zan sa hannu. In magani za a ba shi, sai na kwana da takardar na nemi wani likita daban ya karanta min.

Ko kin shiga ko ba ki shiga ba, ki gaya wa likita duk maganin da kuka ba shi a gida, musamman sirof ɗin kemis da allura, don suna iya hana ƙwayar fitowa a kalca. Ki aika a kawo miki kwalaben da kwalayen gaba ɗaya, ko sun ƙare. Allah ya tashi kafaɗunsa.