Na Matse Sanda Ƙwallo Ta Bauɗe, Na Sassauta Ta Suɓuce: Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Koci. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 47. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, shi ne wani aminina ya ja ni filin golf, yau wata takwas ke nan. Damuwata ita ce in na buga da direba, wato doguwar sandar bugun nesa, ƙwallon sai ta tashi kamar za ta tafi sak, can sai ta karkata dama ta faɗa cikin bishiyoyi. Abokan wasa suka ce na cika matse sanda, wai in riƙe ta kamar ɗan tsuntsu. Na gwada ranar Asabar, sandar ta suɓuce ta yi sama, saura ƙiris ta sami yaron da ke ɗaukar mini jaka. Wani kuma ya ce matsalata ba na sakin sanda. To ai sakin ne ya jawo mini wannan. Ga shi in na koma gida gwiwar hannuna ciwo take. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Tarauni, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, a kuma yi wa yaron sannu. Abokanka ba ƙarya suka yi ba, rabin maganar suka ba ka suka riƙe rabi. Zan yi bayani a kan cewa da dama kake bugu. In kai bahago ne, duk inda na ce hagu ka mayar da shi dama.

Mu fara da kalmar saki, don ita ta kusa jawo tsautsayi. Abin da 'yan golf ke kira rilis ba buɗe yatsu ba ne. Yatsunka ba sa barin sanda tun daga tsayuwa har ka gama juyawa. Abin da ake saki yana wuyan hannu. In ka ɗaga sanda ta kai ƙarshe a baya, duba hannunka na hagu: tsakanin sangalin hannu da jikin sandar akwai lanƙwasa, kusan kamar kusurwar bango. Yayin saukowa wannan lanƙwasar ce ke warwarewa, har hannu da sanda su miƙe su zama layi ɗaya jim kaɗan bayan an taɓa ƙwallo. A daidai lokacin kuma sangalin hannuwan biyu na murɗawa, fuskar sandar da ke kallon dama ta juyo ta fuskanci inda kake nufi. Warwarewar nan da murɗawar, su ne sakin.

In ka sami sarari, ka biya ta wajen masu bugu a Ƙofar Mata, ka tsaya minti biyar kana kallon hannunsu, ba shaddar ba. Gudumar itacen nan nauyi gare ta, amma mutum zai wuni yana bugu yana hira. Yatsunsa sun zagaye ƙotar, ba ta motsi a hannunsa ko kaɗan. Wuyan hannun kuwa laushi kamar igiya. Ya ɗaga, kan gudumar ya ɗan tsaya a baya, hannu ya riga shi saukowa, sannan kan ya biyo da nauyinsa ya faɗa kan gungumen, tim. Ba shi ya tura ta ba a ƙarshen, barin ta ya yi ta faɗi. Ka ba sabon shiga gudumar, zai damƙe ta har jijiyoyin wuyansa su tashi, bugunsa ba ƙara, kafin azahar kafaɗa ta riƙe. Wannan sabon shigan, Alhaji, kai ne da direbarka.

Gwada wani abu yanzu inda kake zaune. Dunƙule hannunka da iya ƙarfinka kamar ɗan dambe, sai ka yi ƙoƙarin kaɗa wuyan hannun. Za ka ji ya cije. Dalili shi ne naman da ke rufe yatsu ba a tafin hannu yawancinsa yake ba, a sangali yake, jijiyoyinsa kuma ta wuyan hannu suka ratsa. In ka matse fiye da kima, ka ɗaure wuyan hannun ke nan. Fuskar sanda sai ta iso wurin ƙwallo ba ta gama juyowa ba, tana kallon dama idan aka gwada ta da hanyar da kan sandar ke bi. Ƙwallon ta ɗauki juyi a karkace, iska ta kama ta, ta lanƙwasa ta zuwa bishiyoyin. Shi ne silais. Kuma ba za ka iya gyara shi da dabara a tsakiyar bugu ba, don saukowar sanda gaba ɗaya ba ta kai rabin daƙiƙa ba, haɗuwar ƙwallo da fuskar sanda kuwa ba ta ma kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Kafin ƙwaƙwalwa ta ce “juya”, ƙwallon ta yi nisa. Abin da kake da iko a kansa shi ne yadda ka shirya hannun tun kafin ka ɗaga.

Maganar ɗan tsuntsu kuma ta Sam Snead ce, ɗan wasan Amurka da ya ci gasa 82 a PGA Tour, jerin gasannin ƙwararrun 'yan golf na Amurka, adadin da sai a 2019 Tiger Woods ya kamo shi. Ni dai ba na son yadda ake jefa wa sabon shiga wannan magana ba bayani. Mutumin da tun yarinta yake buga ƙwallo, abin da ya kira sako-sako a hannunsa ya fi ƙarfin damƙar da yawa daga cikinmu masu wuni a kan kujera. Ka kuma yi lissafi: kan direba gram 200 ne ko kusa da haka. In yana gudun kilomita 160 a awa a ƙasan bugu, jan da yake yi wa hannunka ya haura nauyin kilo 30. Ƙwararru ma sukan wuce kilomita 180. Wa zai riƙe fiye da rabin buhun siminti da riƙon tsuntsu? Kai da kanka ka ga amsar ranar Asabar. In ma za a yi misali da tsuntsu, a tambayi masu kiwon tantabara yadda suke kama ta: yatsu sun rufe ta ruf, ba ta da hanyar fita, amma ba a danne mata ƙirji ba.

Ga yadda nake auna wa ɗalibaina. Ka ɗauka matsewa mataki goma ce, ɗaya sanda na zamewa, goma iya ƙarfinka. A tsaye gaban ƙwallo ka zauna a huɗu ko biyar. Yayin saukowa riƙon zai ƙaru da kansa saboda jan da na faɗa, kada ka yi faɗa da wannan, jiki ya san aikinsa. Wanda ke ɓata wasa shi ne fizgar nan ta farat ɗaya a can sama, lokacin da zuciya ta ce yau sai na wuce Alhaji wane da yadi ashirin. Daga biyar sai ka tsallaka tara, kafaɗar dama ta yi gaba, sanda ta sauko daga waje ta yanki ƙwallo a gicciye. Silais ya sami abokin tafiya.

Matsewar ma ba a raba ta daidai a yatsu goma. A hagu, yatsu uku na ƙarshe, wato ƙarami da biyun da ke binsa, su ne masu gida. A dama, biyun tsakiya. Babban yatsan dama da manuni kwanciya kawai suke a kan roba, don su ne in suka tsuke suke tayar da damtse da kafaɗa. Haka ƙwararren ɗan golf Ben Hogan ya koyar tun shekarun 1950, kuma har yau ban ga abin da ya rushe shi ba. Sandar ta kwanta a gindin yatsun hagu, tudun tafin hannun ya hau kanta daga sama. In ta shige tsakiyar tafi, dole ka matse don ba abin da ya tokare ta. In ka sunkuya ka kalli hannun hagu, ka ga gaɓoɓi biyu zuwa uku na bayan hannu. Wanda ke ganin ɗaya kacal sau da yawa zai yi ta silais ko da riƙonsa laushin auduga ne, saboda haka ka duba wannan kafin ka ɗora wa matsewa laifin duka.

Batun ko ka ɗora ƙaramin yatsan dama a kan hagu irin na Harry Vardon, ko ka sarƙe su irin na Jack Nicklaus da Tiger, ko ka jera goman duka, kada ya hana ka barci. Kowanne an ci gasa da shi.

Yanzu ga inda nake zargin gizo ke saƙa, ko da ban ga jakarka ba. Yawancinmu da sandunan gwanjo muka fara, ko waɗanda wani babba ya gaji da su ya ba mu. Robar mariƙinsu ta shekara da shekaru, ta bushe, tana sheƙi kamar kwalba. Sannan a bar jaka a but ɗin mota cikin ranar Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 a waje, balle cikin ƙarfe a rufe. Da hunturu kuma ƙura ta cike 'yan ramukan robar, hannu ya bushe ya tsage, mutum ya lafta basilin ko man kaɗe kafin ya fito. Da bazara gumi ya karɓi aikin. A irin wannan roba, matsewar da abokanka ke gani ba taurin kai ba ne, hannunka ne ke kare kansa. Da ka tilasta masa ya sassauta, sandar ta tafi. Na taɓa shafe mako uku ina fama da wani ɗalibi a kan ya sassauta, muna ta zufa a banza. Ranar da na karɓi direbarsa don in nuna masa, ni ma sai na ji yatsuna sun ƙanƙame da kansu. Kunya ta kama ni. Muka sauya roba, rabin matsalar ta tafi a yammacin.

Don haka kafin komai, ka sami ruwa mai ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka wanke robobin, ka goge da tawul, su bushe a inuwa. In bayan haka ka danna da farce ka ji tauri, ko ka ga inda babban yatsa ya cinye, a sauya. Mai wasa duk mako, sau ɗaya a shekara ya dace. Ka kula da kauri: wadda ta yi wa hannunka siriri tana sa matsewa, wadda ta yi kauri da yawa tana rage motsin wuyan hannu. In ka riƙe da hagu, yatsun tsakiya su ɗan taɓa tudun babban yatsa, kada su nutse ciki. Safar hannu biyu ka riƙa tafiya da su lokacin zafi, ɗaya na hannu ɗaya na shan iska a jikin jaka. Man shafawa kuwa a bari sai an dawo gida.

Sai atisaye. Juya direba ka riƙe ta ta wajen kai, robar na kallon ƙasa, ka yi ta kaɗawa kana sauraron fuuu ɗin da take yi. Yi sau biyar da matsewa tara, sau biyar da biyu, sau biyar da biyar. Kunnenka zai gaya maka wanne ya fi gudu, ba sai na rantse maka ba. Ka lura kuma da inda ƙarar ke fitowa. Ana son ta a daidai wurin ƙwallo ko gaba kaɗan ta hagunka. In tana fitowa tun daga kafaɗar dama, ka saki da wuri.

Wannan sakin da wuri shi ne ramin da masu gudun silais ke faɗawa, a gudu ba a tsira ba. Mutum ya ji an ce saki, sai ya watsa wuyan hannu tun daga sama kamar mai jefa fatsa, ko ya sa hannun dama ya kwashi ƙwallo kamar da ludayi. A lallausar ciyawa wani lokaci a sha da ƙyar. A ƙasarmu ta rani mai tauri kamar daɓe, kan sandar zai daki ƙasa kafin ƙwallo, ya yi tsalle ya sare ta a ka, ta yi ta gangarawa kamar ƙadangare. A bugun ƙarfe, wato sandunan masu kan ƙarfe da ake bambanta su da lamba, hannuwa ne ke riga kan sanda isa wurin ƙwallo, ƙugu da ƙirji na ci gaba da juyawa, sakin ya kammala bayan ƙwallon ta tashi.

Atisaye na biyu, ɗauki ƙarfe mai lamba 7, ɗora ƙwallo a kan ti, ɗan tsinken da ake kafawa a ƙasa don ɗaga ta, haɗe ƙafafunka wuri ɗaya. Ɗaga sanda iya ƙugu, buga, tsaya iya ƙugu a ɗaya gefen. A inda ka tsaya, hannuwa a miƙe, hancin sandar na kallon sama, hannun dama ya fara hawa kan hagu. Kada ka nemi nisa, yadi 60 ko 70 ya isa. Ranar da ka ga ƙwallon ta fara tafiya sak ko ta ɗan karkata hagu, ka ƙara tsawon ɗagawa kaɗan-kaɗan. Kafin kowane bugu ka ɗan kaɗa kan sandar sau biyu, ka fitar da numfashi. In ba ka jin nauyin kan a yatsunka, ka matse da yawa.

Akwai inda ake ƙara riƙo da gangan. Da damina, in ƙwallo ta nutse a doguwar ciyawa, ƙarfafa hagu zuwa shida ko bakwai, don ciyawar na kama wuyan sanda ta murɗe fuskar. A fota kuwa, sandar gangara ƙwallo zuwa rami, sauka zuwa uku, kuma kada ya canza har ƙwallo ta bar ka.

Ciwon gwiwar hannun daga wannan damƙar da dukan ƙasa mai tauri yake yawan zuwa, don naman sangalin a nan ya kafe. Ka huta masa kwana biyu, ka rage yawan ƙwallayen da kake bugawa a zama ɗaya. In ya wuce mako biyu bai lafa ba, ko ka fara jin yatsu na dindiris, koma wurin likitan da ya turo ka filin.

Direbar ka bar ta a jaka har mako biyu, ka yi zagayenka da ƙarfe. In mun haɗu a fili ka zo mini da tsohuwar safar hannunka. In ta huje a tudun tafi, na san sandar na zamewa a sama kana sake damƙe ta, daga nan za mu fara.